Daga Dakoro zuwa bakin dogo: me tashar Maraɗi za ta tsinana wa mutanen arewa?

Garin Dakoro, wanda Turawan Faransa suka kafa barikinsu a cikinsa a 1947, bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba tun da aka sare shi. Haka Maraɗi, babban birnin jiha, haka Damagaram da Tawa da Agadas. Duk abin da ya fita daga wannan yanki na arewacin jihar Maraɗi, sa ne ko rago, wake ne ko fata, bisa ƙafa yake fita ko bisa kamyo. Amma tun ranar 9 ga Fabrairun 2021, da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zancen jirgi ya shiga bakin ƴan kasuwa da ma'aikata. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu bi hanyar tun daga inda bisashe suke fitowa har zuwa inda tsohon dogo ya tsaya, domin mu auna abin da tashar jirgi za ta iya yi wa mutumin Dakoro, da kuma abin da ba za ta yi masa ba in an gina ta ba tare da shawara ba.

Ƙasar da ke tsakanin gona da makiyaya

Dakoro tana zaune ne a gaɓar da noma yake ƙarewa, kiwo yake farawa. A arewa da garin akwai kwarin Tarka, tsohon gulbi wanda ya ƙafe tun zamanin da ba a tunawa, amma ruwansa na ƙarƙashin ƙasa bai yi nisa ba, shi ya sa rijiyoyi suka yawaita a cikinsa. Dokar ranar 26 ga Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ne mutane suka sani a matsayin iyakar. Takarda ta faɗi haka, amma yawan jama'a da gajiyar gonakin kudu sun daɗe da tura manoma ƙetaren layin, abin da ke haddasa rigima tsakanin manomi da makiyayi kusan kowace kaka. Tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 duk an yi su ne domin a kashe irin wannan wuta, ta hanyar shata burtali da kare mashaya.

Gaba da Tarka sai ƙasar Barmo, wadda aka cire daga Dakoro aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011, sai dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955 domin namun daji. Nan ne ƙasar Fulanin Bororo masu jajayen shanu dogayen ƙaho, da Abzinawa masu raƙuma da shanun azawak. A kudu kuwa, kusa da garin, akwai Birnin Lalle, inda sarakunan Gobir suka taɓa zama kafin su gangara kudu. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 630,000 a gundumar Dakoro, wato fiye da ninki biyu na mutanen birnin Maraɗi a wannan shekara, waɗanda suka ɗan haura 267,000. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin yana nuna cewa waɗanda za su ci moriyar tasha ko su yi asararta sun fi yawa a bayan gari.

Ranar kasuwa a Dakoro ko a Sakabal, abin da ido zai fara gani shi ne ƙura, sannan ƙahoni. Dillalai suna kai da komo tsakanin mai dabba da mai saye, hannu cikin hannun riga, ana ciniki ba tare da na gefe ya ji ba. Ga raguna balami da uda, waɗanda ake yi wa kiwon turke domin babbar salla, ga jajayen awaki irin na Maraɗi waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai. Mafi yawan manyan masu saye idonsu yana kudu ne, domin kasuwar naman Nijar ta gaskiya tana Najeriya. Saboda haka farashin sa a Dakoro yana bin darajar naira sau da ƙafa. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, bisashenmu sun yi araha ga mai naira, ciniki ya buɗe. Lokacin da naira ta faɗi a 2016, ta kuma sake faɗuwa bayan Yunin 2023, makiyayi ya kai sansa kasuwa ya komo da shi, ko ya sayar a kan asara domin ya sayi hatsi.

Kilomita 120 na farko

Daga tashar motar Dakoro zuwa Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 120 ce. Hanyar tana ratsa Kornaka da Sabon Mashi, ta ƙetare Gulbin Kaba da kurmin goribarsa, inda mata suke yanko kaba domin tabarma da igiya, sannan ta haɗu da babbar hanyar ƙasa a wajen Tsibirin Gobir. Tsofaffin direbobi suna tuna lokacin da wannan hanya take ta jar ƙasa, mota ta tashi da hantsi ta isa da la'asar, in damina ce kuwa sai yadda Allah ya yi. Kwaltar da aka shimfiɗa mata da taimakon Bankin Raya Afirka ta rage wahala ƙwarai, ta kuma nuna wa kowa abin da hanya mai kyau take yi wa kasuwa: ƙauyukan da ke bakinta sun cika da shaguna, masu wake suna fito da buhunansu bakin titi suna jiran mota.

To amma kwalta ba ta son nauyin da ya wuce kima. Kamyon da aka yi wa lodin shanu ko na buhuna fiye da ƙarfinsa yana cin titi kamar yadda gara take cin zana. In har jirgi ya iso Maraɗi, wannan hanya ita ce za ta zama igiyar da ta ɗaure Dakoro da dogo, kuma zirga-zirga bisa kanta za ta ƙaru. Duk wanda ke zancen tasha bai sa kuɗin gyaran wannan hanya cikin lissafi ba, ya yi gini ne ya manta da ƙofa.

Maraɗi, birnin da dogo ya daɗe yana kewayewa

Maraɗi gari ne na fatauci tun asalinsa. Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa shi a farkon ƙarni na 19, a cikin kwarin gulbi, har ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin aka hau da shi tudu. Gyaɗa ce ta fara yi masa arziki. Abin lura shi ne arzikin gyaɗar nan da dogon Najeriya ya tashi: jirgi ya iso Kano a 1911, reshe ɗaya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930. Duka ukun sun tsaya ne ƙasa da iyaka, kamar yatsu uku da aka miƙo wajen Nijar ba su taɓa ta ba. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram sai ta bi raƙuma da jakuna, daga baya motoci, ta je ta hau tarago a ƙasar Ingilishi ta sauka Ikko.

Faransawa ba su ji daɗin haka ba. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani tsari da suka kira Hirondelle, wanda ya karkata wani kashi na gyaɗar zuwa yamma: kamyo ya ɗauke ta har Paraku, inda dogon Dahomai ya tsaya tun 1936, daga nan jirgi ya kai ta Kwatano, tafiyar kilomita 438. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta dogo tsakanin ƙasashen biyu, wadda daga baya aka sani da OCBN. Nijar ta zama mai rabo a cikin kamfanin jirgin ƙasa alhali ba ta da ko taƙi ɗaya na dogo a ƙasarta, kuma alkawarin miƙa layin daga Paraku zuwa Doso da Yamai ya shekara sama da hamsin yana yawo daga wannan taro zuwa wancan.

Da fari da cuta suka kashe noman gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970, alhazan Maraɗi suka juya ga wata sana'a: su shigo da atamfa da taba da shinkafa ta Kwatano ko Lome, su ajiye a Maraɗi, su tsallaka da su Najeriya. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan alhazai a 1986. Wannan fatauci ya gina benaye da masallatai, ya ciyar da dubban ƴan dako da direbobi da ƴan kamasho, amma rayuwarsa tana hannun wanda ke riƙe da mabuɗin iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bisa takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris na 2024. Kowane karo kasuwar Maraɗi ta yi sanyi, farashin cimaka ya hau, na bisashe ya sauka, kuma sanyin ya kai har Sakabal.

Darasin Yamai da Doso

Kafin mu yi murna da sabuwar tasha, ya kamata mu waiwayi wadda muka riga muka gina. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, a gaban shugaba Isufu Mahamadu da takwaransa na Benin Boni Yayi, aka kuma ƙaddamar da aikin layin da kamfanin Bolloré ya ɗauka. A Janairun 2016 aka yi bikin kammala kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso. An yi kiɗa, an yi jawabai, manyan baƙi sun shiga tarago an ɗauki hoto. Bayan haka jirgin bai shiga jigilar yau da kullum ba, ba ta fasinja ba, ba ta kaya ba.

Dalilan a fili suke. Layin bai haɗu da kowane layi ba: daga Doso zuwa Paraku babu dogo, saboda haka kayan da suka taso daga teku ba su da hanyar hawa kansa. A can Benin kuma shari'a ta tashi tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou a kan wanda ke da haƙƙin aikin, kotunan ƙasar suka ba Dossou gaskiya, aikin ya tsaya. Ƙari a kan haka, an shimfiɗa layin ne da faɗin mita ɗaya irin na zamanin Turawa, a daidai lokacin da maƙwabta suke komawa ga faɗi na zamani. Ginin tasha ya tsaya da fentinsa, rairayi da ruwan sama suna cin gadon dogo. Hausawa sun ce kyan ɗan kwarai ya gaji ubansa, to kyan tasha kuma a ga jirgi yana shiga yana fita a kan lokaci.

Ƙetaren iyaka

Daga Maraɗi hanya tana gangarawa kudu ta ƙasar Madarunfa zuwa Ɗan Isa, inda ofishin duwan yake, sannan a shiga Najeriya ta Jibiya, a wuce Katsina. Tafiyar duka ba ta kai kilomita ɗari ba, amma duk direban da ya saba bin ta zai gaya maka cewa tsawonta ba a ƙidaya shi da kilomita, da shingaye ake ƙidaya shi. Kowane shinge tsayawa ce, kowace tsayawa kuɗi ne da lokaci, kuma sa da ke tsaye cikin kamyo a rana ba ci ba sha yana zubar da nama ne, naman da makiyayi ya shekara biyar yana tarawa. Ga kuma matsalar ƴan bindiga, wadda tun 2019 ta koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa.

Ta wannan yanki ne sabon layin zai shigo. Gwamnatin Najeriya ta sa hannu da kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a Janairun 2021, a kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyan dubu biyu. Tsawon layin kilomita 284 ne, ya tashi daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, da wani reshe daga Kano zuwa Dutse. Hukumomin Najeriya sun ce an tsara shi ne domin ɗaukar fasinja sama da 9,000 da kaya tan 3,000 a kowace rana. Shugaba Muhammadu Buhari ya sha suka a gida, masu adawa suna cewa don me za a ci bashi a kai dogo wata ƙasa. Amsar da gwamnatinsa ta bayar ita ce tana son kayan Nijar su bar Kwatano da Lome su komo tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ɗan kasuwar Maraɗi ya yi nazarin wannan amsa da kyau, domin tana nufin an gina layin ne bisa lissafin mai shi. An ce aikin zai ɗauki kimanin shekara uku. Wa'adin ya cika a 2024 jirgi bai iso ba. A tsakanin nan kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, abin da ya sa duk wata yarjejeniya ta wucewar kaya da mutane ta koma hannun ƙasashen biyu kai tsaye, da hukumar haɗin gwiwarsu da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai.

A Kano matafiyi zai ga abin da tasha take yi wa gari in ta rayu. Unguwar Sabon Gari da kantunan Turawa da na Kwara duk a gefen dogo suka tsiro, kuma dalar gyaɗa da ta ɗaukaka sunan Alhasan Ɗantata buhuna ne da aka tara suna jiran tarago. Zai kuma ga abin da sakaci yake yi, domin tsohon layin ya yi shekaru a kwance kafin a maido da jirgin fasinja na Kano zuwa Ikko a Disambar 2012. Akwai wani abu na fasaha da ya kamata ɗan kasuwa ya sani: faɗin tsohon layin milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435, saboda haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Kafin kaya su tashi daga Maraɗi su sauka bakin teku ba tare da an sauke an sake lodi ba, sai sabon layi ya haɗu tun daga Kano har Ikko. An buɗe Abuja zuwa Kaduna a 2016, Ikko zuwa Badun a 2021, aka fara Kaduna zuwa Kano a Yulin 2021, amma a wannan lokaci tsakanin Badun da Abuja ba a sa ko ƙarfe ɗaya ba. Muddin akwai giɓi, to akwai sauke kaya, akwai kuɗin dako, akwai jira. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, da kasuwar hatsi ta Dawanau inda waken Nijar da riɗinta suke sauka, su ne wuraren da kayanmu za su fara tsayawa.

Abin da wasu birane suka koya

Abuja ta buɗe jirginta na cikin gari a Yulin 2018, da tashoshi goma sha biyu masu kyan gani. Da yawa daga cikinsu an gina su ne a daji, babu titin da zai kai mutum ƙofarsu, babu motar haya da ke jiran wanda ya sauka. Fasinja suka yi ƙaranci, annobar 2020 ta zo aka rufe, ɓarayi suka kwashe wayoyi. Sai da aka sake kashe kuɗi aka gyara tashoshin, aka yi musu tituna da wuraren ajiye motoci, sannan aka sake buɗewa ranar 29 ga Mayun 2024. A Dakar kuwa, da za a fara jirgin TER a Disambar 2021, tsohuwar tashar 1914 da ke tsakiyar gari aka gyara aka mayar da ita bakin aiki, mutum ya sauka ya taka da ƙafa ya shiga kasuwa ko ofis. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na 2022, wanda ya tsayar da jigila har watan Disamba, shi kuma ya nuna cewa rashin tsaro na dare ɗaya yana iya rufe layi na wata takwas.

Tashar da za ta amfani Dakoro

Idan muka tattara waɗannan darussa, za mu ga cewa abin da mutumin Dakoro yake bukata a tashar Maraɗi ya bambanta da abin da ake nunawa a hoton bikin buɗewa. Na farko shi ne wurin bisashe: fili mai shinge, da rijiya ko famfo da kwamin shan ruwa, da rumfar inuwa, da matakalar lodi wadda sa zai taka ya shiga tarago ba tare da an karya masa ƙafa ba. A nan ya kamata likitan dabbobi ya zauna, ya duba, ya ba da takardar lafiya wadda ma'aikatan Najeriya za su yarda da ita. Wannan ba sabon abu ba ne, domin shekara da shekaru shanun arewa a tarago suke zuwa kudu daga Kano da Nguru da Gusau, kuma a 2016 an gwada maido da hakan, aka ɗauki shanu 500 daga Gusau zuwa Ikko. Dabbar da ta isa kasuwa da ƙibarta ta fi tsada, kuma wani kashi na wannan ƙari zai iya komowa hannun mai kiwo in dillalai sun yi adalci.

Na biyu shi ne duwan. In jirgi zai tsaya a iyaka a sauke kaya a bincika, a sake tsayawa a ƙetare a sake bincikawa, to an ɗauko wahalar hanyar mota an ɗora wa dogo. Abin da ya dace shi ne ma'aikatan duwan na ƙasashen biyu su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya a tashar Maraɗi, a auna kaya sau ɗaya, a biya sau ɗaya, a rufe tarago da hatimi har inda za shi. A kuma liƙa farashin kowane abu a bango, da Faransanci da Hausa, da boko da ajami, domin wanda bai yi lakwal ba ya san abin da ake binsa.

Na uku shi ne ma'aji. Wake da aya da riɗi ba sa son danshi, wake kuma ƙwari suna cinye shi in ya daɗe. Ƙaramin ɗan kasuwar Kornaka mai buhu hamsin ba zai iya cika tarago shi kaɗai ba. Yana bukatar sito mai sikeli na gaskiya inda zai ajiye kayansa a ba shi rasit, a haɗa da na wasu a cika tarago. Idan babu wannan tsari, manyan alhazai kaɗai za su iya hayar jirgi, ƙanana su koma sayar musu a kan farashin da suka ga dama.

Na huɗu shi ne haɗa tasha da gari. Kamyon da ya taso daga Dakoro ya kamata ya sami hanyar da za ta kai shi tasha ba tare da ya kutsa tsakiyar Maraɗi ba, kuma motocin Dakoro da na Mayayi da na Tasawa su sami wurin tsayawa a ƙofarta, tare da ƴan kabu-kabu. Fasinja yana bukatar inuwa, ruwan sha, makewayi mai tsabta na maza daban na mata daban, wurin salla, da allon da ke faɗin lokacin tashi. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon injiniya, amma su ne tsohuwa mai zuwa ganin jikokinta a Katsina za ta auna tashar da su. Sannan a tanadi kuɗin gyara tun ranar farko, domin famfon da ya lalace aka bar shi wata shida shi ne farkon mutuwar kowane ginin gwamnati da muka sani.

Akwai kuma waɗanda jirgi zai taɓa abincinsu, kuma gaskiya ta wajaba a faɗe ta. Direbobin manyan motoci da yaransu, masu abinci da masu faci na bakin hanya a Ɗan Isa da Jibiya, da masu tsallaka da kaya ta barauniyar hanya, duk za su ga ciniki ya ragu. Taragon da ya tafi da shanu kuma ba zai komo wayam ba: zai komo da siminti da taki da kayan masana'antun Kano da Ikko a farashin da zai yi wa mai saye daɗi, ya kuma matse duk wani ƙaramin mai sana'a na gida. Fataucin tsallakawa da kaya, wanda Maraɗi ta rayu a kansa shekara hamsin, zai iya juyewa, kaya su riƙa hawowa daga kudu maimakon su gangara. Wanda ya shirya zai sami sabuwar sana'a a jigila tsakanin tasha da ƙauyuka, ko a gyaran fata da sarrafa nama kafin a fitar. Wanda ya tsaya kallo, kasuwa za ta tashi ta bar shi.

Shi ya sa muke kira ga majalisar ƴan kasuwa ta Maraɗi, da ƙungiyoyin makiyaya da na dillalan bisashe, da sarakunan gargajiya na Dakoro da Kornaka da Barmo, su nemi a nuna musu taswirar tashar da abin da aka tanada a kewayenta, su faɗi bukatunsu a rubuce. Ma'aikatan duwan da na kiwo da na ayyuka su ma su san cewa takardun da za su tsara yanzu sun fi siminti tasiri a kan makomar wannan layi. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana. Kakanninmu sun kora shanu da ƙafa daga Tarka har Ƙauran Namoda domin su riski jirgi. In an yi tashar Maraɗi yadda ya kamata, jikokinsu za su riske shi cikin yini ɗaya. Allah ya ba magabatanmu ikon yin abin da zai amfani talakawa, ya zaunar da iyakokinmu lafiya.